Shahon da Ya Yi Sheƙa a Ɗorawar Goggo

Idon mahaifina na hagu ya mutu tun kafin a sa ni a firamare. Tsinken karan gero ne ya soke shi wata kaka, yana sunkuye yana ɗaure dami. Aka yi ta ɗiga masa duk abin da wani ya ce ya taɓa ji yana magani, har ƙwayar ta yi fari fat kamar wuri. Saboda haka ni da ido ɗaya na san shi, na dama. Da shi yake duba shuka, da shi yake gane tunkiyar da ba ta jin daɗi, da shi kuma yake karatun Alƙur'aninsa na rubutun hannu kullum bayan la'asar a zaure, ya karkatar da kai kamar zakara ya ga tsaba. In aka tausaya masa sai ya ce ai mai ido ɗaya ba ya gode wa Allah sai ya ga makaho, shi kuwa ya ga makafi da yawa, godiyarsa ta cika. Ni wannan magana ba ta taɓa kwantar mini da hankali ba. Mai ido biyu yana da na ajiya, Baba kuwa ba shi da shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tofa da Rimin Gado, inda gona take manne da gona, ba ka samun ko tafin hannun ƙasa da ba ta da mai ita. Daji ya ƙare tun zamanin kakanni. Abin da ya rage itatuwa ne ɗai-ɗai a tsaye cikin gonaki, ɗorawa da tsamiya da gawo da kuka, su ma kowanne da mai shi. A wurinmu ba dole ba ne mai gona ya zama shi ne mai itacen da ke cikinta. Da aka raba gadon kakana, gonar bayan gari ta faɗa wa Baba, babbar ɗorawar da ke tsakiyarta kuma ta faɗa wa yayarsa, wadda muke kira Goggo. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, ta kama sana'ar daddawa, kuma kalwar wannan ɗorawa ce jarinta. Duk shekara in 'ya'yan suka bushe, Baba ne yake hawa da kansa, ya tsaya a inda rassa suka rabu, ya riƙa ƙato su da maƙata, doguwar gora mai ƙugiya a kai. Bai taɓa wakilta kowa ba. Ya ce abin da zai iya yi wa yayarsa ke nan tunda ba zai iya dawo mata da miji ba.

Shekarar da nake ba da labari ina koyarwa a wata sakandare a Tsanyawa, na dawo gida hutun ƙarshen zango na biyu da damin takardun jarrabawa. Bazara ta kankama, ganye ba ya motsi. Na tarar da Goggo cikin fushi. Kazarta ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha ɗaya, saura bakwai, duk da ta rina su da galura sun yi jajaja-jajaja kamar alawa, wai don ɓarawon sama ya kasa gane su.

Mu mutanen shirwa ne. Tun muna rarrafe muka san ta. Tana shawagi can sama, jelarta a tsage, inuwarta tana riga ta isowa tsakar gida. Kaza ta yi ƙara, 'yan tsaki su shige ƙarƙashin rumbu, duk wanda ke kusa ya ɗaga kai sama, ya tuɓe hula ko malafa, mace ta ɗauki faifai, a kaɗa ana kuwwa. Shirwa matsoraciya ce, da ta ga an gan ta sai ta karkace ta nufi gidan maƙwabta. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan. Hannu ne yake yi tun kai bai yi tunani ba.

Amma wannan ɓarawon ba shi da inuwa. Na gan shi da idona rana ta uku da zuwana, ina zaune a gindin katanga ina duba takardu da jan biro. Wani abu mai ruwan toka ya tsallako katanga kamar an jefo dutse, ya bi ta tsakanin rumbu da madafa dab da ƙasa, ya fita ta ɗaya gefen. Sai bayan ya wuce kazar ta tuna da ƙara. Goggo ta fito da faifai tana kaɗa wa sararin Allah, babu komai a ciki sai rana.

Na ce, "Goggo, ba shirwa ba ce. Shaho ne."

Ta ce, "Shaho, shirwa, duk uwarsu ɗaya. Kai da kake zaune nan da biro, me ka yi? Ko shi ma sifiri ka ba shi?"

Kwana biyu bayan nan Baba ya dawo daga watsa taki, hularsa a hannu, yana shafa ƙeya. Na zaga na duba. Layi uku ne a fatar kan, sirara, a jere kamar an ja su da rula, jini ya bushe a kai.

Ya ce, "Wani ɗan tsuntsu ne marar kunya ya yi sheƙa a ɗorawar Yaya. Na bi ta gindin kawai sai na ji hula ta tashi. Ko girman hasbiya bai wuce ba."

Dariya yake yi. Ni kuwa ina tsaye a bayansa ina auna tazarar da ke tsakanin ƙarshen layin nan da gefen idonsa na dama. Bai fi tafin hannuna ba. Daga wannan lokaci abinci ya daina yi mini daɗi.

Abin da ɗan makaranta yake yi in ya tsorata shi ne ya nemi littafi. Akwai wani tsohon littafin tsuntsaye da na taɓa ceto wa daga ɗakin ajiyar makarantarmu, gara ta ci kusan rabinsa, amma ta yi mini adalci ta bar shafukan masu farauta. Na ɗauke shi na tafi na zauna a inuwar wani gawo, nesa da ɗorawar, kullum da hantsi, kusan mako guda.

Tsuntsayen su biyu ne, mace da namiji. Bayansu ruwan toka, cikinsu da zane-zane sirara a gicciye, ƙafafunsu ja kamar an sa musu lalle, gindin bakin ma ja. Macen ta fi namijin girma sosai, abin da Goggo ta ce ita ba ta ga abin mamaki a ciki ba. Fikafikansu gajeru ne masu faɗi, jelar doguwa, kuma da na ga yadda suke kurɗawa tsakanin rassa ba tare da ganye ya motsa ba, sai na gane amfanin wannan ƙira. Shirwa an yi ta don sarari ne. Shaho irin wannan an yi shi don kurmi, inda ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo dab da shi. Mun sare masa kurmin mun yi gonaki, ya dawo ya raɓe a ɗorawa guda, sannan muna cewa ba shi da kunya.

Ba ya shawagi, zama yake yi. Namijin zai shige cikin duhun tsamiyar maƙwabcinmu ya yi shiru, sa'a guda ba ka ga ko gashinsa ya motsa ba, har ƙananan tsuntsaye su manta da shi su koma surutu. Sannan ya fito kamar kibiya. Na ga ya kama ƙadangare a jikin itace, na ga ya rataye a sheƙar wasu tsuntsaye yana yage ta da ƙafa ɗaya yana zaro abin da ke ciki. Yana da wani kututture a bakin gona inda yake fige abin da ya kamo kafin ya kai gida. A nan na tarar da gashin kurciya, da ɗan tulin gashi mai launin galura wanda ban gaya wa Goggo ba. In ya gama figa sai ya yi wani siririn kira, macen ta taso ta karɓa.

Sheƙar tana sama, a ɓangaren gabas. Daga nesa sai ka ce tsohon tsumma ne iska ta maƙale, domin duk an lulluɓe ta da saƙar gizo-gizo. Littafin ya ce su da kansu suke ɗauko saƙar, har da gizo-gizon a ciki, shi kuma ya ci gaba da aikinsa a sabon gida. A rana ta huɗu na hango kawuna biyu farare suna leƙowa. Macen ba ta yin nisa da su. Ko daga inda nake zaune, in na miƙe tsaye, sai in ga kanta ya juyo ya tsaya a kaina.

Littafin ya faɗi abu biyu da suka hana ni sukuni. Na farko, wannan tsuntsu yana da 'yan'uwa manya a ƙasashen sanyi, masu yin sheƙa cikin kurmi, kuma uwarsu ba ta tsoron mutum in ya kusanci 'ya'yanta, kansa take nufa. Na biyu, 'ya'yan sukan yi kamar wata guda a sheƙa kafin su tashi. Na ƙiyasta saura mako uku. Ɗorawa kuwa ta riga ta bushe, tana reto tana kaɗawa, kuma kowace yamma gabas tana haɗa hadari tana warwarewa. Kowa ya san in ruwan fari ya daki busasshiyar ɗorawa, garin ya jiƙe ya yi funfuna, kalwar ta lalace.

Ranar Alhamis bayan la'asar na sami Baba a zaure ya rufe Alƙur'ani, Goggo tana bakin ƙofa tana tsince wake. Ya ce jibi zai hau.

Na ce, "Baba, a bari 'ya'yan shahon su tashi. Mako uku ne."

"Ka je ka gaya wa hadari ya jira mako uku."

"To a nemi wani ya hau."

"Wa? Masu hawa duk suna birni cin rani. Kuma ni ban mutu ba."

Goggo ta ce, "Malamin makaranta, tun ba a san za a haife ka ba ubanka yake hawan itacen nan. Yau tsuntsun da bai cika tukunya ba ne zai hana shi?"

Na ce, "Goggo, ido ɗaya gare shi."

Ba a faɗin wannan a gidanmu, sai dai shi ya faɗa da kansa cikin raha. Goggo ta sunkuyar da kai kan wakenta. Baba ya dube ni da idon nan, ya daɗe, ni kuma na dubi tabarma. Kafin wani ya sake magana na ji bakina ya ce, "Ni zan hau."

Rabona da hawan itace tun ina aji huɗu, kuma a lokacin ma faɗowa na yi. Goggo ta yi dariya har wake ya zube. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "To," shi ke nan.

Na yi shiri irin na mai karatu. Maƙwabcinmu yana da babur, yana kuma da hular kwano wadda bai taɓa sa wa kansa ba, albasa yake ajiyewa a ciki. Na aro ta, na wanke, warin bai fita ba. Na roƙi Baba ya zauna a gida, ya ƙi, ya ce dole wani ya tsaya a ƙasa ya tara abin da ya zubo kafin awaki su riga mu. Hular kwano ɗaya ce. Na yi lissafi cewa uwar za ta nufi wanda ya fi kusa da sheƙa, ni ke nan, don haka na sa wa kaina. Shi kuma na ɗora masa babbar malafarsa mai faɗi, na ja igiyar har haɓa.

Na ce, "Baba, kome ka ji, kada ka ɗaga kai. Ƙasa za ka duba."

Ya ce, "Ikon Allah. Na haifi ɗan da zai koya mini tsintar ɗorawa."

Asabar da hantsi muka isa. Ban ga ko ɗaya daga cikin tsuntsayen ba, wannan kuwa ya fi ganin su tayar da hankali. Na rungumi gindin na fara jan jiki, ɓawon yana gurje mini ciki, tururuwa suna bin hannun rigata. Da ƙyar na kai mararrabar rassan na tsaya. Baba ya miƙo mini maƙata kansa a sunkuye, kamar yadda na ce. Na zaɓi ɓangaren yamma, nesa da sheƙar, na ƙato reshe na girgiza. Ɗorawa ta zuba. Na sake. Har na fara jin wani ɗan alfahari.

Ban ji zuwan uwar ba. Sai dai na ji ƙwal a ƙeya, kamar an jefi kwano da dutse, kaina ya yi gaba. Kafin in juya ta ɓace cikin ganye, sai kukanta kawai, siriri mai sauri, ba ya yankewa. Cikin hular kwano mutum ba ya ganin gefe, ba ya jin daga ina sauti yake zuwa, numfashinsa kawai yake ji da warin albasa. Ta sake bugu, wannan karon a saman kunne. Na uku ba hular ta nufa ba. Wuyana ta samu, tsakanin hula da riga, na ji kamar an ɗora mini garwashi. Na saki maƙata. Ƙafata ta zame, na faɗa da ƙirji kan reshe na ƙanƙame shi, ƙafafuna suna lilo a iska.

A nan na ji Baba ya kira sunana.

Ni ne ɗansa na fari. Tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, saboda kunya irin ta iyayenmu. "Kai" yake ce mini, ko "wannan", in yana magana da mutane ya ce "yaron nan", ko da na fara furfura a gemu. Ban san yadda sunana yake a bakinsa ba sai ranar.

Na duba ƙasa. Ya tsinke igiyar malafar, tana hannunsa, yana kaɗa ta sama yana kuwwa, fuskarsa a buɗe tana kallon sama, daidai yadda yake yi wa shirwa shekara sittin da wani abu. Sama yake nema. Ita kuwa ba ta sama. Ta fita ta bayan itacen ta zaga wajen tsamiya, na hango ta tana dawowa dab da ƙasa, tsayin kunyar gona, fikafikai a tsuke, ta gefensa na hagu inda babu ido.

Na ƙwala ihu, "Baba, hagunka!"

Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya don ya gani da na dama. Na sha tambayar kaina, da na yi shiru fa? Da ƙila kunne ko kunci ta samu a ɓangaren da ba abin da ya rage a lalata. Ta taso daga ƙasa ta dake shi a fuska ta wuce. Malafar ta faɗi. Ya zauna daɓas a kan kunya, hannu biyu a kan ido.

Ban san yadda na sauko ba, sai daga baya na ga fatar ƙirjina duk ta saɓule. Jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana ɗiga a gemu. Na cire hular kwanon na kifa masa a kai, abin da ya kamata in yi tun a gida, na ja shi muka bar gindin itacen.

"Baba, kana gani?"

"Ja nake gani."

"Kana ganina?"

"Na ce maka ja nake gani. Kai ba ka karye ba?"

Goggo ta ji kuwwar ta taho da gudu, ban taɓa sanin tana iya gudu ba. Da ta ga jinin ta ce a kawo toka mai sanyi, a jiƙa saiwar kaza-kaza a ɗiga. Na daka mata tsawa, karo na farko da na ƙarshe a rayuwata. Na ce haka aka yi wa na hagun. Ta tsaya da baki a buɗe, sannan ta cire mayafinta wankakke ta miƙo mini. Na naɗe masa fuska da shi.

Maƙwabcinmu ya fito da babur, muka sa Baba a tsakiya, ni a baya na rungume shi. Hanyar da ya bi da ƙafa tun yana yaro ce, ya san kowane kwazazzabo a cikinta. Ba mu yi nisa ba ya ce, "Ina muke?"

Na ce, "Mun wuce rijiya."

Can kuma, "Yanzu fa?"

"Gonar liman."

"An yi mata taki?"

"An yi."

Haka muka tafi, yana tambaya ina ba shi amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar ta baƙo. Na ji a jikina cewa wataƙila haka za mu ƙarasa sauran rayuwarsa, shi yana tambayar ina muke, ni ina faɗa masa.

A asibiti wata ma'aikaciya mai sanyin hannu ta wanke wurin. Farce ɗaya ya tsaga gira, wani ya keta fatar idon ta sama har ciki, ƙwayar ta yi jajur ta kumbura. Ta ɗinke, ta ɗiga magani, ta rufe da auduga. Ta tambaye ni ko an sa wani abu a gida, na ce a'a, ta ce madalla. Na tambaye ta ko zai gani. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, sai kumburi ya sauka, mu dawo bayan kwana uku.

Kwana ukun nan Baba makaho ne. Ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci, ina jin yadda mutane suke yin shiru in mun iso. Ni nake ɗora masa hannu a bakin kwano. Bayan la'asar ya ce a kawo masa Alƙur'aninsa, na kawo, ya ɗora a cinya bai buɗe ba, ya yi karatunsa da ka yana shafa gafakar. A rana ta biyu da azahar hadarin da ya daɗe yana alkawari ya cika, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗorawar da ke sama da wadda na zubo duk suka jiƙe. Ba wanda ya ambace ta. Goggo ba ta cin abinci, tana zaune a bakin zaure, in ya yi tari ta miƙe.

Ita ce ta fara magana, ba ta dube shi ba. Ta ce, "Da na san haka, da na ce a sare ta a yi turmi."

Ya ce, "Yaya, ɗorawa ba ta yi mini komai ba. Tsuntsuwar ma 'ya'yanta take karewa. Ni ma abin da na yi ke nan, sai dai ita ta fi ni iyawa."

Ranar Talata muka koma. Ma'aikaciyar ta jiƙa audugar tana ɓamɓarewa a hankali, ni ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Fatar idon ta yi nauyi, ta ƙi ɗaguwa. Ta sa yatsa ta ɗaga masa. Ƙwayar tana nan ja, tana hawaye, ta yi yawo a ɗakin sannan ta tsaya a kaina.

Ya ce, "Kai, wannan rigar tun Asabar ba ka sake ta ba?"

Na fita waje na zauna a ƙasa a gindin darbejiya, na daɗe a wurin kafin in koma ciki.

Idon ya warke, amma fatar ba ta koma daidai ba. Tana saukowa rabi, kamar ta mai gyangyaɗi. In zai yi karatu sai ya sa ɗan yatsa ya tallafe ta, ɗaya hannun yana juya shafi. Goggo ta yi wannan shekarar da kalwar saye, tana mitar cewa ba ta da ƙamshi. Kafin in koma Tsanyawa 'ya'yan shahon sun tashi, su biyu, masu ruwan ƙasa da zane a ƙirji, suna bin uwarsu daga ɗorawa zuwa tsamiya suna kukan yunwa. Shekarar da ta biyo suka sake yin sheƙa a wurin. Goggo da bakinta ta ce ba mai hawa, a haɗa gora biyu a ƙato abin da hannu ya kai daga nesa, sauran a bar wa mai sheƙa. Sunana kuwa Baba bai sake kamawa ba, na koma "kai" kamar da.

Wata Juma'a da na zo gida muna zaune a tsakar gida da hantsi, sabuwar kazar Goggo ta yi ƙara. Na ga hannun Baba ya tashi da kansa ya nufi hula, haɓarsa ta fara ɗagawa. Hannun ya tsaya a hanya. Ya sauko da shi a hankali ya rufe idonsa na dama da tafinsa, ya sunkuyar da kai, ya zauna haka har 'yan tsaki suka fito daga ƙarƙashin rumbu.

Goggo ta ce, "Wannan shirwa ce, ga inuwarta can."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Ƙirga mini su dai."